Zuwa ga aminina Nura

Assalamu alaikum Nura, mutumina ya Fatakwal, ya madam da yara? Mu nan Zariya sai godiya, sai zafin Afrilu da ka sani, kafin azahar kwalta ta fara tururi tun daga Kwangila har PZ.

Ƙanina Auwalu ya shiga Depot, wajen horas da kuratan soja na nan Zariya, Hajiya kullum tana kan sallaya, ni kuwa zafin nan ne ya tsaya min a rai, shi yasa na maida aikin bincikena na ABU kanshi. Kasan jikin mutum digiri 37 yake zama, in cikin jiki ya haura 40 mutum ya fara sambatu yana tangaɗi to an shiga hatsari, sai a tsoma shi a ruwan sanyi nan take tun kafin asibiti. Matsalar ita ce soja bazai taɓa cewa ya gaji ba, balle kurtu sabon shiga da yake tsoron ace mai rago, haƙuri zai ta yi da kaki da but da jaka a baya har ya zube, wallahi wannan ne yake hanani bacci.

Tun shekarun 1950 sojan Amurka suke da ma'aunin zafi na WBGT mai haɗa rana da iska da laima, in ya kai wajen 32 su ɗaga baƙar tuta a rage atisaye, amma fili yake aunawa ba mutum ba. Yanzu cibiyarsu ta binciken lafiyar soja USARIEM ta fitar da lissafin ECTemp, bel ake ɗaurawa a ƙirji yana ƙirga bugun zuciya minti bayan minti, kwamfuta ta kintaci zafin cikin jiki, sai oga ya gane wane zai cire daga layi ya kai inuwa tun yana kan ƙafarshi.

Ni dai ina ganin sai an gwada shi akan yaranmu, wanda ya taso a Sakkwato da wanda ya zo daga Jos ba ɗaya bane a satin farko, jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba, ga azumi, ga busasshen zafinmu da yake komawa gumi in hadari ya fara haɗuwa.

Dan Allah ka duba min kuɗin bel ɗin nan a wajenku, ko guda biyar ne in fara da ƴan ƙwallon Samaru. Ka gaida Baba, kasa Auwalu a addu'a.

Naka,
Bashir