Don Allah a gyara mana matsalar 401 ɗin nan

Assalamu alaikum Edita,

Ina da kafen intanet a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, kullum ina cike wa yara fom. Abin da ke ƙona min rai, mu kwashe minti 30 muna cikewa, ana danna tura sai shafin ya yi fari fat, ashe sabar, kwamfutar da ke riƙe da shafin, ce ta dawo da lambar kuskure 401, wato tokin ɗin shiga (shaidar da take ba mutum in ya shiga) ya ƙare, ta daina gane mu. Kowa sai zagin netwok, alhali ba laifinsa ba ne.

Masu gina shafukan nan da manhajojin React ko Angular, don Allah ku sa intasefta ɗaya, wato mai gadi a cikin shafin, mai tare duk 401, ya nemi sabon tokin sau ɗaya tak, in ya ƙi a adana abin da mutum ya rubuta, a kai shi ya sake shiga sannan a mayar da shi inda ya tsaya. Kuma 403 daban ce, an gane ka amma ba ka da izini, sake shiga ba zai yi magani ba.

Jiya sau uku na sake cike wa wata yarinya daga Daura, har aka kira magariba.

Naku,
Mai kafe, Katsina