Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Kasuwa Tana Cinye Unguwar Fagge

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya yi maka jagora a kan nauyin da ke wuyanka, na rubuto ne a kan unguwar Fagge, inda gidajen jama'a da ƙananan shagunan layi ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, benayen kasuwanci suna tashi a gurbinsu.

Duk wanda ya baro titin IBB ko na Ibrahim Taiwo ya kutsa layukan da ke kewaye da Kantin Kwari zai ga abin da idonsa. Yadda abin ke faruwa kuwa kusan iri ɗaya ne. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya da yawa, gida kuma ba zai rabu ba. Tun ba a gama karɓar gaisuwa ba dillalai sun fara zarya. Attajiri ya taya da kuɗin da babu wani ɗan unguwa da zai iya kusantarsa, magada su sallama, kowa ya karɓi rabonsa. Ba na ganin laifinsu, haƙƙinsu ne, kuma da yawansu suna cikin matsi. Bayan 'yan watanni an rushe gidan, an tayar da bene hawa uku ko huɗu, ƙasa shaguna, sama sito na ajiye diloli.

Daga nan ne wahalar maƙwabci ke farawa. Tagogin benen suna kallon tsakar gidansa, matansa ba su da sauran sakewa a cikin gidan aurensu. Manyan motoci sun toshe layi, 'yan dako na kai da kawowa, janareta na ruri tun safe har magariba. Idan mara lafiya ya tashi asibiti, sai an ɗauko shi a hannu zuwa bakin titi. Wanda ya rantse ba zai taɓa sayar da gidan mahaifinsa ba, shi ma wata rana da kansa zai aika a kira dillali. Babu wanda ya kore shi da takarda, zaman ne ya gagara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙananan masu sana'a. A yawancin gidajen nan akan fasa gefen zaure a fitar da ɗan shago: tela, mai awo, mai injin markaɗe, mai aski, mai gyaran rediyo, ga teburin mai shayi a gefe. Hayarsu kaɗan ce, wani lokaci ma mutunci ne kawai tsakaninsu da maigidan. Mai awon nan shi ke riƙe da rabin layi idan wata ya yi nisa, yana ba da shinkafa da mai bashi saboda ya san kowa da iyayensa. Ranar da aka sayar da gidan, shagonsa ya tafi. A sabon benen kuwa hayar shekara ake nema a dunƙule, wani wurin ta shekara biyu, ga la'adar dillali. Tela mai keke ɗaya ina zai samo wannan? Akwai kuma waɗanda ba a ko lissafa su, wato matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙosai da alala da dambu da kitso. Maƙwabta ne kasuwarsu. Idan maƙwabta suka watse, jarin ya mutu ba tare da kowa ya ji labari ba.

Waɗanda suka tashi, gefen gari suke nufa, irin su Bachirawa da Rimin Kebe da Gaida, su sayi filin awon igiya inda sau da yawa babu magudanar ruwa, babu famfo, makaranta da asibiti kuma da nisa. Amma abincinsu yana nan cikin gari, don haka kullum sai sun hau Adaidaita Sahu sun dawo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, mafi ƙarancin albashin da gwamnatinka ta amince da shi kuma naira 71,000 ne. Da dare kuwa layukan da suka bari ba kowa sai masu gadi, sahun sallar asuba a masallatan layi yana ta raguwa.

Ranka ya daɗe, ba gaba nake yi da kasuwa ba. Ciniki ne ya haifi Fagge. Zangon fatake ce a bayan ganuwa, nan Buzaye ke sauke raƙumansu, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 'yan kasuwar Labanan da Siriya suka kafa kantunansu a wannan yanki. Yau ga Kwari da ake zuwa sarin atamfa da shadda daga Nijar da Chadi da Kamaru, ga 'yan canji a Wapa. Arzikin Kano ne, muna alfahari da shi. Sai dai a duk tsawon wannan tarihi ciniki da zaman iyali tare suke tafiya, shago a gaba, gida a baya. Yanzu ne aka zo inda ɗaya ke korar ɗaya.

Gwamnatinka ta fara aiki da rusau a watan Yunin 2023, a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da sauran wurare, bisa hujjar cewa filayen al'umma ne aka cefanar. Jama'a sun rabu a kan matakin. Babbar kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga masu shagunan Filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko me mutum zai ce a kan wancan, matsalar da nake magana a kai daban take. Nan gidajen mutane ne, cinikin halal ne, katafila ba ta da aikin yi. Maganin yana ofis, tun kafin a sa harsashin gini. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa amanar ƙasar jiha a hannun gwamna. Takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da fili dominsa, zama ko kasuwanci, kuma gini a birni yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, KNUPDA. Kai da ka riƙe ma'aikatar ayyuka daga 2011 zuwa 2015 ka fi ni sanin wannan. Tambayata ita ce, da wane ma'auni ake yarda gidan zama ya koma sito a layin da mota biyu ba sa iya giftawa? Ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa.

A kuma tuna cewa babban kanti ba ya da alƙawari da unguwa. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall da ke titin gidan Zoo a 2014, ta rufe a watan Janairun 2024 da lissafi ya daina fita. Mai shagon layi ba ya tafiya ko'ina sai an tashe shi.

Roƙona shi ne a zauna da masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa, har da mata masu sana'a, a shata iyaka a fili: waɗannan layuka na kasuwa ne, waɗannan na zama ne, a buga taswirar kowa ya gani. Inda aka yarda a yi bene, a sa sharaɗin kada taga ta leƙa gidan maƙwabci, a kuma ware wasu ƙananan shaguna a ƙasa waɗanda za a riƙa biya wata-wata, a fara ba waɗanda aka tasa daga wurin. Manyan sito kuma ba dole ne su zauna a tsakiyar unguwa ba. Tunda an iya mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, ana iya samar wa diloli wuri a bakin gari inda tirela za ta shiga ta fita ba tare da ta danne ƙofar gidan kowa ba. Ɗan haya ma, na gida da na shago, yana buƙatar doka mai haƙori da za ta ba shi wa'adi na mutunci idan an sayar da inda yake.

Kafin a kammala wannan, ina roƙon ka ba da umarni a dakatar da ba da sabon izinin mayar da gidan zama wurin kasuwanci a cikin layukan Fagge.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka,
Wani mazaunin Fagge, Kano