Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ke Karatu A Winnipeg

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ɗana, akwai maganar da ka yi a wayarmu ta ranar Juma'a wadda ta tsaya mini a rai. Ka ce mutanen da kake gani a tsakiyar gari, waɗansu a buge, waɗansu suna roƙo, 'yan asalin ƙasar Kanada ne, kuma abokan karatunka sun gaya maka lalaci ne ya kai su haka. Ban katse ka ba a lokacin, amma ban yarda ka riƙe wannan magana a bakinka ba.

Waɗansunsu 'yan ƙabilar Cree ne, mutanen da ɗansu ke tasowa a tsakiyar dangi. Ana naɗe jariri cikin jakar fata da aka shimfiɗa wa busasshen gansakuka, a ɗaure shi a allon goyo, uwar ta jingina shi da bishiya yana kallonta tana aiki. A yankin James Bay ba a barin ƙafar yaro ta taka ƙasar waje sai an yi masa bikin fitowa, inda da hudowar rana yake fita daga tanti ta ƙofar gabas, namiji da 'yar bindigar katako, mace da ɗan gatari, dattawa suna jiran dawowarsa. Daga nan yake koyon kamun kifi da farautar dinya ta hanyar kallon manya. Tatsuniyoyin Wisakecak, wanda kusan shi ne Gizonsu, ba a yin su sai da hunturu, kamar yadda kakarka take hana ku tatsuniya da rana.

Wannan gidan ne gwamnati ta nufa da rushewa. Ita ke ba da kuɗi, coci-coci, musamman Katolika da Anglika, suna tafiyar da makarantun kwana, kuma a 1920 aka tilasta wa yara daga shekara bakwai zuwa goma sha biyar zuwa makaranta. Da isar yaro sai a aske masa gashi, a karɓe tufafinsa, a ba shi lamba, a raba shi da 'yar'uwarsa ko da suna gini ɗaya, idan kuma ya yi yarensu ya sha duka. Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta makarantun, dubbai ba su koma gida ba. Tun a 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya ba da rahoton yadda tarin fuka ke kashe su, aka yi biris da shi. A makarantar St. Anne da ke Fort Albany har kujerar lantarki aka ƙera don azabtar da yara. Kada ka ɗauka tarihin kaka da kakanni ne, domin makarantar Gordon da ke Saskatchewan sai a 1996 aka rufe ta.

Ni ma na yi makarantar kwana, na kuma sha bulala saboda an kama ni ina Hausa a aji, sai dai duk hutu ina komawa gaban mahaifiyata, kuma ba wanda ya ce addinin gidanmu ƙazanta ne. Ka auna wanda ya shekara goma ba mai rarrashinsa, ya dawo ba ya jin abin da kakarsa ke faɗa, daga baya shi ma ya haifi nasa alhali bai taɓa ganin yadda ake riƙon ɗa ba. Jikokinsa ne kake wucewa a hanyarka ta zuwa aji.

Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta kira abin kisan ƙare dangi ga al'adunsu a 2015, Fafaroma Francis kuma ya je Maskwacis, ƙasar Cree, ya roƙi afuwa a 2022. Tun da masu laifin sun amsa, bai dace baƙo irinka ya ɗora wa waɗanda aka zalunta ba.

Ranar 30 ga Satumba ake tunawa da yaran nan da riguna ruwan lemo. Ka je taron, ka zauna a baya, ka saurari dattawansu kamar yadda za ka saurari nawa. Gaisuwarsu “tanisi” ce, ka koye ta. Kakarka kuma ta yi ƙorafin cewa rabin maganarka da ita yanzu Turanci ne, saboda haka ka kira ta ranar Lahadi bayan la'asar ta nan.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.