Godiya ga Maɗaba'ar da Ta Buga Mana Littafi a Bauchi

Assalamu alaikum.

Alhaji mai maɗaba'a da yaran shagonka na kusa da Kasuwar Wunti, na rubuto wannan ne a bainar jama'a da yawun ƙungiyarmu ta marubuta, don godiyar da muka yi muku a tsaitsaye a bakin shago ba ta gamsar da mu ba.

A zamanmu na ƙarshen wata kowa ya zo da albishirinsa. Wata 'yar'uwarmu ta tura labarinta gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara shirya wa mata a 2016, wani kuma jarida ta buga waƙarsa. Amma da aka sauke kwalin littafinmu na haɗaka, gajerun labarai goma sha biyu, sai ɗakin ya yi tsit. Dattijon cikinmu, tsohon malamin firamare, ya zaro kwafi ɗaya ya kai hanci yana shaƙar ƙamshin sabuwar takarda, ya kasa cewa komai. Mun daɗe muna karanta juna a WhatsApp, amma ranar ce muka fara riƙe sunayenmu a hannu.

Babban abin da muke yaba muku shi ne ƙugiya. Mun taɓa kai aiki wani wuri, ba zan kama suna ba, aka dawo mana da shi duk ɓ da ɗ da ƙ sun miƙe, wasu ma sun koma 'yan akwatuna, saboda salon haruffan da aka zaɓa a kwamfuta ba ya ɗauke da su. Amaryar da ta tarbi baƙi sai ga ta ta tarbi baki! Mun yi dariya a lokacin, amma kuɗinmu ne ya tafi. Shi ya sa muka shigo shagonku a ɗarare.

Sai ga mai tsara shafukanku ya kira ni bayan sallar isha'i, yana ba ni haƙuri, wai a shafi na 47 ya ga "kafa", ya karanta jimlar sau uku, yana jin ƙafa ake nufi. Haka ne kuwa, kuskuren namu ne. Shi ne kuma ya lura wasunmu na rubuta 'y irin ta Najeriya, wasu ƴ irin ta Nijar, ya ce mu zaɓi guda. Yaron nan ko sisi bai nema ba a kan wannan.

Kai kuma, Alhaji, ka zaunar da mu ka yi mana bayanin da ba a taɓa yi mana ba. Ka ce shafi 92 ɗinmu mu cike shi ya kai 96, tunda injinku na naɗe takarda sha shida sha shida ne, mun biya kuɗin ragowar ko mun so ko mun ƙi. Da su muka sa taƙaitaccen tarihin marubutan. Ka kuma hana mu buga littafi babu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ka tura mu neman ta a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Kwafi 300 kacal muka nema, ba ka yi mana kallon masu ƙaramin ciniki ba. An samu jinkirin mako guda saboda rashin wuta, kai ka fara kiranmu ka faɗa kafin mu tambaya.

Garin nan ba baƙon alƙalami ba ne. Ɗan ƙasar Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana cikin waɗanda suka shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Sa'adu Zungur kuma har gobe ana rera waƙoƙinsa. Duk da haka mun taso da tunanin sai an hau mota zuwa Kano ko Zariya littafin Hausa zai fito da kyau. Bana kuɗin acaɓa kawai muka kashe.

Mun ajiye maka kwafi ɗaya da sa hannun dukkanmu, wani kuma na mai tsara shafuka. Kundin waƙoƙinmu na nan tafe bayan Sallah, ku shirya mana. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya tsare injinan nan daga lalacewa.

Taku,
Sakatariyar ƙungiyar, Bauchi.