Takardar Koke Kan Ruwan Rijiyoyi da Ramukan Sokawe a Sabbin Unguwanni

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu mazauna sabbin unguwannin da aka yanka a bayan gari ne muka kawo kukanmu. Famfo bai iso mu ba, babu kuma magudanar da ke ɗebe ƙazantar gidaje, don haka kowane magidanci ya haƙa rijiya ko burtsatse a gaban gida, ya haƙa sokawe a baya. Filayen ƙanana ne, gida na jikin gida. Ɗaya daga cikinmu ya auna daga bakin rijiyarsa zuwa sokawen maƙwabcinsa, ya samu taku goma sha biyu, katanga ce kawai a tsakani. Alhali masana tsaftar muhalli cewa suke a bar aƙalla mita 30, gindin ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa.

Abin da ke hana mu barci shi ne sinadarin da ake kira naitiret. Idan fitsari da bahaya suka taru a rami, ruwansu yakan tsatsafa cikin ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke ƙasar su juya shi ya zama wannan sinadari. Ƙasa takan tare datti da yawa, amma shi ba ta riƙe shi. Duk inda ruwa ya bi, nan yake bi, balle a ƙasa mai rairayi da damina, lokacin da ruwa ke tasowa kusa. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Sai ka ɗebo ruwa garai-garai a guga, ga shi a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace litar ruwan sha, kuma saboda jarirai ta sa. Jaririn da bai kai wata shida ba, idan ana dama masa madara da ruwan da ya wuce wannan iyaka, jininsa na iya kasa ɗaukar iskar numfashi, leɓɓansa da faratansa su koma shuɗi-shuɗi. Ga abin tausayin: uwa za ta ɗora tukunya ta tafasa ruwan da kyau, hankalinta kwance. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma ruwan ne ke ƙafewa, sinadarin na nan, har ma ya ƙara ƙarfi. Alif bai cire shi, maganin ruwa na kulorin ma haka.

Roƙonmu na farko, Allah ya taimake ka, ka sa baki ƙaramar hukuma ta turo duba-gari da ma'aikatan ruwa su ɗebi ruwan rijiyoyi da burtsatse layi-layi a kai ɗakin gwaji, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan damina ta yi nisa. A faɗa wa kowane gida sakamakonsa baki da baki, kada ya tsaya a fayil. Inda aka ga ya haura iyaka, a nemo wa masu goyo wani ruwan tun a ranar.

Sannan kullum sai ka ga an tsiri sabon harsashi, kowane gida kuma da nasa ramin. Muna roƙo kada a ƙara amincewa da awon filaye sai an duba irin ƙasar wurin da zurfin ruwanta, an ware wa unguwa burtsatse na tarayya a kan tudu, nesa da ramuka. Idan naitiret ya riga ya shiga ruwan ƙasa, yakan ɗauki shekaru bai gushe ba, ko an cike ramin.

A shirye muke mu zagaya da ma'aikatan gida-gida, mu nuna musu kowace rijiya da kowane rami.

Mu ne masu biyayya,
Mazauna sabbin unguwanni.