Kada A Toshe Bawul Ɗin Hitar Ruwa

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu hitar ruwa a banɗaki. Kwanan baya bawul ɗin tsaron hitarmu ya fara ɗiga, mai gyaran famfo ya ce zai toshe bakinsa, na ƙi, domin nan ce mafitar ruwa idan zafi ya ƙara masa ƙarfi, kuma toshe ta na iya fasa tankin. Ɗigo kaɗan lokacin da ruwa ke zafi ba matsala ba ne. Idan ya ƙi tsayawa, a kashe wuta, a bar ruwan ya huce, a ɗaga hannun bawul ɗin ruwa ya wanke dattin da ya maƙale, in bai daina ba a sa sabo. A namu dai, dattin da ya maƙale yashin rijiyar burtsatse ne.

Wani mai karatu, Kano