A cire wa sola haraji tun wurin saye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rangwamen harajin sola. Ni dai tsarin Amurka na 2022 bai burge ni ba, wai ka sa sola da kuɗinka sannan a rage maka kashi 30 cikin 100 na kuɗin daga harajinka, to wanda ba shi da na sayen tun farko fa, ko ɗan haya da rufin ma ba nasa ba? Mai shi ake ƙara wa kawai. A 2025 ma aka soke tsarin.

Jamus ta fi dabara gaskiya. Tun 2000 dokarsu ta ce wutar solar da ka tura babban layin lantarki za a saya a tsayayyen farashi har shekara 20, shi ya sa banki ke ba da bashi ba gardama, sannan daga Janairun 2023 suka cire harajin VAT kan solar gida, nan take mai saye ke ganin sauƙin.

Sifaniya kuwa sai da mutane suka zuba jari ta zabtare tallafin da take ba sola, suka yi ta maka ta a kotu.

Naka mai karatu kullum.